Gwangwanayen Baba Ilu

Ranar wata Lahadi ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyu na firamare. Gari ya watse zuwa kasuwar Jibiya, manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka suna jiran a ɗage musu ƙarfe su wuce Maraɗi, ni kuwa Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka, ta ce in kai wa kakana, Baba Ilu, inda yake haƙar rijiya a wata gona bayan Magama. Da na isa ban gan shi ba. Sai abokin aikinsa Mati na tarar tsaye a bakin rami, tsoho kamarsa, yana jan igiya, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ajiye ƙwaryar a gindin wata bishiyar bedi, na kwanta rub da ciki na leƙa. Can ƙasa, cikin duhu mai sanyi, na hango farar hularsa kamar ƙwayar gero a gindin turmi. Ya ɗago kai ya yi kira, muryarsa ta zo mini tana amsa kuwwa, ya ce a ja a hankali, akwai baƙo cikin gugan. Da gugan ya iso, sai ga wani dutse mai tsawon kamu ɗaya, ja-ja da ratsin toka, kwance a kan tsakuwa. Baba ya hauro yana taka 'yan ramukan da ya sassaƙa a bangon rijiyar, ƙafa nan, ƙafa can, jikinsa duk laka. Ko furar bai kalla ba. Ya ɗauki dutsen, ya tofa masa yawu, ya goge da babban yatsa, ya miƙo mini. Sai na ga ɓawo. Na ga zane-zanen da ake gani a jikin itace in an faskara shi, har da wani kumburi inda reshe ya taɓa fitowa. Ya ce, "Icce ne, uwargida. Gaba tara a ƙarƙashin ƙafarki, icce ne."

Uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in murguɗa baki in ce na fi ƙarfin tsoho mai warin laka. Ran nan ban yarda da shi ba. Da muka koma gida sai da na faki idon Inna na tura dutsen cikin murhu, na tsuguna ina jira ya kama. Tuwo ya nuna, miya ta nuna, dutse bai ko yi hayaƙi ba. Baba ya yi dariya har da tari, ya ciro shi da muciya, ya kai shi zaure ya ajiye a inda yake ajiye dukiyarsa.

Dukiyar tasa kuwa ƙasa ce. A zauren gidanmu, jikin bangon gabas da na kudu, ya kafa katakai hawa-hawa, a kan kowane katako akwai jerin gwangwanayen tumatir, wasu sun yi tsatsa har ba a gane jansu. Kowane jeri rijiya ɗaya ce daga cikin waɗanda ya haƙa. Al'adarsa ita ce duk lokacin da ƙasa ta sauya launi a bakin daginsa, sai ya ɗebi cikin tafi ɗaya ya zuba a gwangwani, ya ɗaura wa gwangwanin zare, ya yi ƙulli a jikin zaren gwargwadon gaba nawa aka sauka kafin a same ta. Gaba ita ce ma'aunin masu rijiya, daga kan yatsan wannan hannu zuwa na wancan in mutum ya ware hannuwansa. Ta sama ita ce farkon jeri daga dama, kamar rubutun allo, ta can ƙasa kuma ita ce ƙarshe. Rijiya goma sha huɗu ya jera haka. Akwai ta gidanmu, akwai na ƙauyukan Bugaje da Kusa, akwai ta Ɗan Isa a ƙetaren iyaka, akwai kuma wani ɗan gajeren jeri da ya zo da shi daga ƙasar Adar, inda ya taɓa yin cin rani yana saurayi. A wannan jerin ne aka sami abin da na fi so, wasu fararen duwatsu da katantanwa ta daskare a cikinsu, ga murɗinta nan sarai, amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji dutse.

Ni ce mai sharar zaure tun ina ƙarama, kuma dokar guda ce: a share ƙasa, kada tsintsiya ta hau katako. In na gama shara da safe, na ɗebo ruwa na cika randa, na taya Inna surfe, sai in dawo in tarar da shi zaune kan buzunsa yana gyaran igiya. Nan zan zauna in sa shi ya karanta mini gwangwanayen. Yakan fara da rairayin sama, wanda iska ke kawowa. Sai jar ƙasa. Sai marmara, mai cinye bakin dagi, wadda takan sa Mati zagin uwar aikin gaba ɗaya. Sai yumɓu, wani fari kamar madara, wani mai launin ɗanyen hanta. Sai tsakuwa sumul-sumul, wadda ke gaya wa mai rijiya ruwa ya kusa. Yakan zuba tsakuwar a tafina ya ce in shafa. Wai babu abin da ke goge dutse haka sai ruwa mai gudu, don haka gulbi ya taɓa bi ta ƙarƙashin gidanmu, kuma ya daɗe yana bi, tun da dutse ba ya laushi a damina ɗaya ko dubu. Bishiyoyi na bakin gulbin, suka faɗi, yashi ya rufe su, har Allah Ya mai da su dutse. Sannan yumɓu ya kwanta a kai, sannan marmara, sannan jar ƙasa, sannan mu. "Ta ƙasa ta girmi ta bisa," in ji shi, "kamar tabarmin da innarki ke jibgewa. Ba a shimfiɗa ta bisa sai ta ƙasa ta kwanta." In na tambaye shi shekara nawa ke nan, sai ya girgiza kai ya ce lissafin ya fi ƙarfin yatsunsa, shi dai ya san tun ba a yi mai ƙirga ba.

Abin da ya fi ba shi nishaɗi shi ne jerin Ɗan Isa. Yakan ɗauko gwangwanin farin yumɓu na rijiyar gidanmu da na can, ya ɗora su gefe da gefe, ya ce in nuna masa bambanci. Babu. Iri ɗaya ne, sai dai na can ya fi namu zurfi da gaba guda. Sai ya yi murmushi ya nuna hanyar bakin iyaka da haɓa, inda direbobi ke yini suna fama da kwastan a nan da duwan, kwastan na Nijar, a can, ya ce yumɓun nan ya ƙetare ta ƙarƙashinsu duka, babu wanda ya tambaye shi takarda.

Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat. Katantanwar Adar ta gaya masa wani babban ruwa ya taɓa kwanciya a can, inda yau ko na sha sai an wahala. Iccen Magama ya gaya masa an yi gulbi da daji a nan. Amma bai taɓa samun su biyun a rijiya ɗaya ba, balle ya ga wanda ke ƙasa da wani. Tun da na fara haɗa baƙi a boko yake cewa, "Uwargida, ki tambayo mini malamanku, icce da katantanwa wa ya girmi wani?" Yana kuma roƙona in zo da littafi wata rana in rubuta masa jerin duka, rijiya bayan rijiya, suna da launi da gaba, don idonsa ya fara hazo, zaren kuma yana ruɓewa. Har sabon littafi ya sayo mini a kasuwa, mai bango shuɗi, da biro. Nakan ce gobe. Gobe akwai roron gyaɗa, jibi akwai gaɗa a dandali, gata kuma ni da 'yan matan unguwa muna ƙarƙashin darbejiya muna carafke. A carafke babu mai kama ni, don duwatsuna daga gindin rijiya suke, sumul kamar ƙwan kurciya, suna zama a bayan hannu kamar an liƙa su. Littafin ya zauna cikin akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa.

Ban san ranar da na fara jin kunyarsa ba. Abin ya shigo ne a hankali. Na fara lura da yadda mutanen majalisar bakin titi ke yi in ya zo wucewa da daginsa a kafaɗa. Wani zai ɗaga murya, "Ilu, yau mi ƙasa ta ce?" Shi kuma ya amsa, "Ta ce tana jiranka, Alhaji, kada ka yi sauri." Sai a bushe da dariya, shi ma yana yi. Da ina ƙarama na ɗauka tare suke dariyar. Da na kai aji biyar sai kunnena ya fara rarrabewa. A makaranta ma yara sun san zancen, har akwai masu ce mini jikar mai ajiyar ƙasa a gwangwani, wai in mun rasa gero ita muke tuƙawa. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi malaminmu ko itace na zama dutse. Bawan Allah yana fama da aji mai cike da yara da guntun alli, ya ce in zauna, ba ya cikin darasin yau. Ajin ya kwashe da dariya. Daga ran nan ban sake kai tambayar Baba makaranta ba, kuma in ya tambaye ni sai in ce malam ya ce zai duba.

A aji shida aka kawo Nabila. Mahaifinta ma'aikacin kwastan ne da aka yi wa sauyin wurin aiki daga wani babban birni. Tana da farar safa da ba ta taɓa yin datti, da jakar goyo, da Hausa mai santsi irin ta rediyo, ba irin tamu mai "wanga" da "tahi" ba. Ban san abin da ta gani a jikina ba, amma ni ta zaɓa ta zauna kusa da ni. Na je gidansu sau biyu. Na taka daɓen tayil mai sanyi, na sha ruwan firji har haƙorana suka yi tsami, na ga kwabar gilashi da aka jera kofunan da ba a shan komai da su. Ina dawowa gida, zaurenmu ne ya fara tarbata, da tsatsarsa da ƙurarsa da zarurrukansa masu reto. Ran da Nabila ta ce za ta zo gidanmu ranar Asabar, zauren ne ya fara faɗo mini a rai. Kwana uku ina hango ta tsaye a zauren tana tambaya mene ne wannan, ina kuma hango ajinmu ranar Litinin.

Asabar ɗin, tun da sassafe Baba ya tafi Kusa duba wata rijiya da ta rufta. Inna na can cikin gida tana daka. Na ɗauki tsintsiya na shiga zaure kamar kullum. Niyyata ta farko in sauke gwangwanayen ne kawai, in ɓoye su bayan rumbu, in mayar kafin ya dawo. Na fara ɗauka bibbiyu, na ga suna da yawa, rana na ɗagawa, ga shi ban riƙe wanda ke bin wani ba. Sai na jawo babban daron wanki. Na juye na farko a ciki. Ina tuna ƙarar da ya yi, wani ɗan shuu, kamar an zuba gero. Bayan na farkon sauran ba su yi wuya ba. Rairayi ya hau kan yumɓu, marmarar Bugaje ta haɗu da tsakuwar Ɗan Isa, katantanwar Adar ta nutse a tsakiya. Sahu huɗu na yi zuwa juji a bayan gida. Gwangwanayen na cusa a buhu da zarurrukansu, na jefa bayan rumbu. Iccen dutsen ne kawai ban kai juji ba, ban san dalili ba, na tura shi ƙarƙashin randa. Sannan na share zauren tas, na goge katakan da jiƙaƙƙen tsumma, na yayyafa ruwa, har na zana wa ƙasar ado da bakin tsintsiya. Na tsaya na duba, kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji.

Nabila ta zo da hantsi. Taku uku ta yi ta wuce zauren, ko bango ba ta kalla ba. Ta durƙusa ta gai da Inna, ta ci ɗanwake har ta nemi ƙari, ta bi 'yan awakinmu da gudu tana dariya. Daga baya muka zauna gindin darbejiya na fito da duwatsun carafkena. Ta juya su a tafinta tana mamaki, ta ce ba ta taɓa ganin masu kyau haka ba, a ina ake samu? Na ce a hanya na tsinta. Ta roƙi guda biyu na ba ta.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji sallamarsa ta tsaya a rabi. Ya jima a zauren. Sai ya leƙo, bai ko sauke dagin daga kafaɗa ba, ya tambaya a hankali wa ya shiga zaure. Kafin Inna ta buɗe baki na riga ta. Na ce awaki ne suka shiga suka ture komai, ni kuma na kwashe. Ya juya ya dubi katakan da aka goge, har na can sama wanda ko ni sai da na taka turmi. Ya dubi ƙasar da zanen tsintsiyata. Sannan ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Lallai akuyar ga ta samu tarbiyya. Har yayyafi ta yi." Inna ta gane nan take, ta zaro muciya ta yo kaina, ya ɗaga hannu ya ce ta bar masa uwargidansa. Da ma ya bari ta doke ni. Ya tambayi inda aka zuba, na nuna da yatsa ba tare da na ɗago kai ba.

Ta katangar zana na leƙa shi. Yana tsugune a kan juji, tsakanin toka da ɓawon gyaɗa da kashin awaki, yana tona tarin da yatsu. Ya ɗauki ɗan gutsuren yumɓu ya kai kusa da ido, ya shinshina, ya ɗanɗana da harshe, ya ajiye gefe. Ya tsinci katantanwa uku. Har aka kira magariba yana nan. Washegari ma ya koma, ya zazzage buhun gwangwanayen ya jera su a ƙasa, yana shafa ƙullin zaren ɗaya bayan ɗaya, ga ƙulli shida, ga ƙulli tara, amma babu abin da ke ciki da zai ce shida ɗin na wace ƙasa ce, ko ta wace rijiya. Mati ya zo ya tsaya a kansa, ya ce ai ga ƙasar nan duka, a sake zubawa mana. Na ji amsar da ya ba shi. "Ƙasa tana nan, Mati, ko ƙwaya ba ta ɓace ba. Wadda ke bisa da wadda ke ƙasa ce ban sani ba kuma." Cikin makon ruwan farko ya sauka, ya mai da tarin taɓo ɗaya.

Bai sake ambaton zancen ba. Bai daina ce mini uwargida ba, bai daina ajiye mini ƙosai in ya dawo daga kasuwa ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Abu biyu kawai ya daina: bai sake cewa in zo da littafi ba, bai kuma sake tambayata abin da malamai suka ce ba. Inna ta ɗora tabarmi da buhunan wake a kan katakan. Rijiya biyu ya ƙara haƙa bayan haka, bai ɗebo komai daga cikinsu ba, sannan idon ya rufe gaba ɗaya. Nabila kuwa kafin ƙarshen shekara aka sake sauya wa mahaifinta wuri, ta tafi da duwatsuna biyu, ban sake jin labarinta ba. Ni na tafi makarantar kwana, na koyi gai da shi a tsaye daga bakin zaure, da sauri, kamar mai wucewa ta gaban wanda ya san asirinta.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun ilimin ƙasa, wata malama ta shigo mana da faranti cike da duwatsu. Ta zana layuka a allo, ɗaya bisa ɗaya, ta ce ga ƙa'ida ta farko da duk ilimin nan ya tsaya a kai: in ba wani abu ne ya birkita ƙasa ba, shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta. 'Yan aji suna ta rubutawa, ni biro ya tsaya a hannuna. Ta ce tsakuwa mai sumul shaidar ruwa mai gudu ce. Ta ce ana bin shimfiɗa ɗaya daga gari zuwa gari ta launinta da abin da ya daskare a cikinta, ko da ta ƙetare iyakar ƙasashe. Sannan ta ɗaga wani guntun dutse ja-ja mai ɓawo, ta ce itace ne, daga shimfiɗar da ta bi ta arewacin Katsina zuwa Sakkwato, tun zamanin da manyan dabbobin nan da suka ƙare ke yawo a duniya, miliyoyin shekaru kafin ɗan Adam. Bayan wannan zamanin ne, in ji ta, teku ta shigo ta rufe yankin Sakkwato da Adar, ta bar katantanwarta a shimfiɗun da ke kwance a saman na itacen, sannan ta janye. Da dutsen ya zagayo hannuna na ga 'yar takarda liƙe a jikinsa, da sunan wuri da zurfi. Malamar ta ce mu kula da takardar fiye da dutsen, domin dutsen da ba a san inda aka ciro shi ba, ko daga wane zurfi, ba ya gaya wa kowa komai, na jifa ne kawai. Na nemi izini na fita. Na zauna a bayan ajin, gindin wata bishiya, na yi kukan da ya kamata in yi tun ina shekara goma sha ɗaya.

Da aka yi hutu, ranar da na sauka na buɗe akwatin Inna. Littafin na nan ƙarƙashin zannuwa, bangon ya koɗe, yana warin turare. Na ciro iccen dutsen daga inda Inna ke tokare ƙofar ɗakin girki da shi, na wanke, na shiga zaure. Baba na kwance kan buzunsa, ya zama ɗan ƙarami kamar yadda na hango shi a gindin rijiya. Na durƙusa na sa masa dutsen a hannu. Yatsunsa suka bi ɓawon har suka tsaya a kan kumburin reshen. Na ce, Baba, ba awaki ba ne, ni ce. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ashe dariya yake yi. Ya ce shekara tara yana jiran akuyar nan ta yi magana. Na ce ya yafe mini, ya ce tun kafin ruwan farko ya sauka ya yafe, in daina jiƙa masa buzu. Sai na gaya masa na tambayo. Na ce icce ya girmi katantanwa, gulbi da daji aka fara yi, daga baya babban ruwa ya zo. Ya tashi zaune da kansa, abin da Inna ta ce ya yi wata biyu bai yi ba. "Na zata!" in ji shi. "Wallahi na zata, tabbas ne ban da shi. Ina ma Mati na raye." Ya sa na maimaita masa sau uku, har da zancen miliyoyin, yana jinjina kai yana tasbihi.

Sannan na buɗe littafin na ce ga ni, mu fara. Ya gyara zama, ya fara da rijiyar gidanmu, ya kawo ta tsaf tun daga rairayi har ruwa, gaba goma sha ɗaya, bai yi tuntuɓe ba. Ya shiga ta Ɗan Isa, ya kai farin yumɓu, sai ya tsaya. Ya ce a'a, wannan marmarar ta Bugaje ce. Ya koma Bugaje, ya sauka gaba huɗu, sai ga shi a Kusa. Ya ɗaga hannu yana laluben bangon gabas, inda da zai taɓa gwangwani ya ji ƙulli ya tuna, hannunsa ya sauka kan buhun wake. Muka yi kwana shida muna gwadawa, kowace safiya bayan ya sha koko. A na bakwai ya ce in rufe littafin, sun cakuɗe masa. Bai ce kamar me ba, ni ma ban ce ba. Ya rasu cikin daminar da ta biyo.

Yanzu ba a cika haƙa rijiya da hannu a wajenmu ba. Motar burtsatse ke zuwa da rugugi, ta huda ƙasa cikin yini ɗaya, ta feso rairayi da yumɓu da tsakuwa a haɗe, taɓo ɗaya mai ruwan toka, yara su taru suna tsalle a ciki. Ruwan ya fi yawa, ya fi tsabta, babu kuma tsohon da zai sauka rami da ransa a hannu, ban isa in ce da ta fi yanzu ba. Amma duk lokacin da na ga taɓon nan yana malala, daron wanki nake gani. Wasu ƙauyukan da ya yi wa rijiya yanzu ba a shiga su da kwanciyar rai, wasu rijiyoyin sun rufta, wasu an yi musu zoben siminti har ƙasa, babu mai sake ganin bangonsu. Na san sunayen zamunnan duniya a jere, na ci jarrabawa a kansu, amma abin da ke ƙarƙashin Bugaje da Kusa, gaba bayan gaba, mutum ɗaya ne ya taɓa saninsa, ya kuma roƙe ni in riƙe masa.

Iccen dutsen na kan teburina. Na liƙa masa 'yar takarda: bayan Magama, gaba tara, Ilu mai rijiya. Kusa da shi akwai littafi mai shuɗin bango. Shafi ɗaya da rabi ne rubuce a ciki, sauran fari fat, kamar zauren da na share.